Tun da na warke daga ciwon gwiwa na daina wasa kamar da: hankali na yi ko tsoro ya kama ni?

Wani bawan Allah ne ya aiko da wannan tambaya. Shekarunsa 34, ɗan baya ne, yana buga ƙwallo da abokansa a ƙarshen mako tun yana saurayi, kuma ba da ita yake ci ba. Jijiyar cikin gwiwarsa ta tsinke a wani wasa, aka yi masa tiyata, ya yi wata goma bai taɓa ƙwallo ba, a cikin wannan tsakanin kuma aka haifa masa ɗansa na fari. Yanzu ya dawo fili, likita ya ce gwiwa ta warke, amma shi ya ga ba shi ba ne. In ƙwallo ta faɗo tsakaninsa da ɗan gaba sai ya ji ƙafarsa ta noƙe. Abokai suna tsokanarsa wai ya yi sanyi. Yana so ya sani: dama abin da ya sami mutum a rayuwa yana canza wasansa har haka? Kuma wannan da yake ji, hankali ne ya zo masa ko tsoro ne?

Ɗan'uwa, sannu da jiki, kuma Allah ya raya. Amsar rabin farko ba ta da wuya: e, yana canzawa, har ma ya fi canza irinku masu wasa don sha'awa a kan waɗanda wasan ne sana'arsu. Rabin na biyu ne ke buƙatar zama, don abu biyu ne suka same ka lokaci guda kuma kai kana ganinsu kamar abu ɗaya.

Na daɗe ina horar da mutanen da ke zuwa fili bayan sun tashi daga aiki, kuma na raka da dama daga gadon jinya zuwa wasansu na farko. Abin da na lura shi ne, ƙwararren ɗan wasa in ya ji ciwo ba shi kaɗai ke fassara abin da ya same shi ba. Akwai likita, akwai mai gashin ƙashi, akwai koci, akwai mai duba bidiyon wasan ya ce masa ga inda ka taka ba daidai ba. Kai kuwa kai ne majinyacin, kai ne kocin, kai ne mai yanke hukunci. Ka kwanta wata goma kana maimaita daƙiƙa ɗaya a ranka, ka fito da wani darasi, babu wanda ya duba maka ko darasin daidai ne. Shi ya sa za ka ga mutum biyu sun ji ciwo iri ɗaya, ɗaya ya dawo ya fi da iya wasa, ɗaya ya dawo yana tsoron inuwarsa, kuma kowannensu zai rantse maka cewa ya koyi darasi.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi. Darasi na gaskiya yawanci yana canza abin da kake yi kafin wasa: yadda kake shirya jiki, yawan wasan da kake bugawa a mako, wurin da kake tsayawa tun ƙwallo ba ta iso ba. Tsoro kuwa a cikin daƙiƙar wasan yake aiki, bayan ka riga ka yanke shawarar shiga, sai ya riƙe maka ƙafa. Na farko yana ƙara maka hanyoyi. Na biyu yana rage su, har ya bar ka da guda ɗaya, wato ja da baya.

Bari in nuna maka yadda abin yake a ido. Akwai wani ɗan baya da na taɓa horarwa, ya dawo daga irin ciwonka a ƙafar hagu. Na tsaya a bakin layi ban kalli ƙwallo ba, ƙafafunsa kawai nake kallo. Duk lokacin da ɗan gaba ya nufo shi, tun da saura taku uku sai ya karkata jikinsa ya ɗora nauyi a kan dama, ya ɓoye hagun a baya kamar mai ɓoye wa yaro abu. Ɗan gaban ma bai san labarin tiyata ba, amma kafin a tafi hutun rabin lokaci ya gane cewa in ya bi ta wancan gefen hanya a buɗe take. Da aka tashi na ce masa, "Ka san ba ka taka hagu da ƙarfi ko sau ɗaya ba?" Ya ce wallahi ya taka. Sai da na nuna masa abin da na ɗauka da waya, ya yi shiru yana kallo, ya ce a mayar masa baya ya sake gani. Wannan ba hankali ba ne, don hankali ba ya ɓoye wa mai shi abin da yake yi. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma ba shawara ya yi da kansa ba kafin ya yi tsallen.

Kuma abin da ya kamata ka sani shi ne, wannan noƙewar ba ta kare ka. Wanda ya shiga ƙwallo da rabin zuciya yakan iso a makare, ƙafa a sake, tsokar da ya kamata ta ɗaure gwiwa ba ta ɗaure ba, jiki ya nufi gaba zuciya ta nufi baya. Ko ka shiga gaba ɗaya, ko ka tsaya da ƙafafunka ka tare hanya. Na tsakiyar nan shi ne mai haɗari. Ƙari a kan haka, yawancin tsinkewar wannan jijiya ba ma a karo take faruwa ba. Ta fi faruwa lokacin da mutum ya dira daga tsalle, ko ya ci birki, ko ya juya da sauri ƙafa na kafe a ƙasa gwiwa ta faɗa ciki, babu wanda ya taɓa shi. Ka ga ke nan mai gudun karo yana iya gudun abin da ba shi ne ya fi barazana gare shi ba, ya bar ainihin matsalar, wato yadda yake dira da yadda yake juyawa, ba tare da ya gyara ba.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. A 2014 Clare Ardern da abokan aikinta sun tattara bayanan mutum sama da 7,000 da aka yi wa tiyatar wannan jijiya. Kimanin kashi 81 cikin ɗari sun koma wani nau'in wasa, amma kashi 65 ne suka koma matakin da suke kafin ciwon, kashi 55 kuma suka koma gasa. Da yawa daga waɗanda ba su koma ba gwiwarsu lafiya lau take a gwajin asibiti, kuma tsoron sake jin ciwo na cikin dalilan da aka fi ambata. Saboda haka in likita ya ce maka ta warke, gaskiya ya faɗa, amma a kan nama da jijiya yake magana. Yarda da ƙafar wani aiki ne daban, kuma wannan ba a ɗinke shi a ɗakin tiyata.

Wata goman da ka yi kuwa ba ɓata lokaci ba ne. Wani bincike da Hege Grindem ta jagoranta, wanda ya fito a 2016, ya nuna cewa duk wata ɗaya da mutum ya ƙara jira kafin ya koma wasa, har zuwa wata na 9, haɗarin sake jin ciwo yana raguwa da kusan rabi. A nan ka yi daidai. Abin da ban sani ba daga wasiƙarka shi ne ko watannin sun tafi ne a atisaye ko a zaman jira, don kalanda ba ta gina tsoka. Gwada wannan a gaban mai gashin ƙashinka: ka tsaya da ƙafa ɗaya ka yi tsalle gaba iyakar ƙarfinka, ka dira a kan ƙafar ka tsaya cak ba tangaɗi, a auna, sannan ka yi da ɗayar. Abin da ake nema shi ne mai ciwon ta kai aƙalla kashi 90 cikin ɗari na lafiyayyar, haka ma a ƙarfin tsokar gaban cinya. In ba ta kai ba, to tsoronka yana da hujja, jikinka ne yake gaya maka abin da ya sani, kuma maganinsa ɗaga ƙarfe da atisaye, ba ƙarfin hali ba. In ta kai, to labarin ya tsufa, ƙwaƙwalwa ce ba ta sami sabon ba.

Yadda ake kai mata sabon labari kuwa a hankali ne, mataki bayan mataki. Ba a jefa mutum cikin wasan da kowa ke neman nasara a ce masa ya cire tsoro. Ka sami aboki ɗaya da ka yarda da shi, ku ajiye ƙwallo a tsakani, ku sa ƙafa a lokaci guda da rabin ƙarfi, sau goma da dama, sau goma da hagu. Mako mai zuwa a ƙara ƙarfi. Bayan nan ya taho da gudu kai ka tare, ka san ta inda zai bi. Bayan nan ba ka sani ba. Sai wasan mutum uku-uku a ƙaramin fili, inda karo yake da yawa amma gudu kaɗan ne. Kowane karo da ka fita lafiya shaida ce da ƙwaƙwalwa ke ajiyewa, kuma shaidar da ta gani ta fi mata lallashi tasiri.

To, ga ɗaya abin da ya same ka, wanda ka ambata a gurguje kamar ba shi da muhimmanci: haihuwar ɗanka. Ni a ganina wannan ya canza wasanka kusan yadda tiyatar ta canza shi, kuma wannan canjin ba ciwo ba ne da za a nema wa magani. Lokacin da kake ɗan shekara 22, in ka karye kai kaɗai ka karye. Yau in ka kwanta wata uku akwai aikin da zai tsaya, akwai wadda za ta ɗauki nauyin gida ita kaɗai, akwai jaririn da ba za ka iya ɗauka ka zagaya da shi ba. Wanda ya lissafa wannan ya ce ba zai ƙara zamewa a busasshen fili don ƙwallon da ba ta kai ta kawo ba, bai yi sanyi ba. Lissafi ya yi, kuma lissafin daidai ne. Ƙwararre ana biyansa ne don ya ɗauki wannan kasadar, in ya ji ciwo albashinsa na tafiya. Kai kuwa ranar Litinin aiki na jiranka, kuma babu wanda zai tambaye ka ci nawa aka tashi.

Shi ya sa nake jin wani iri in mutane suna kawo wa irinka misalin manyan 'yan wasa. Za a ce maka ai Nwankwo Kanu an gano yana da matsala a zuciya a 1996, jim kaɗan bayan zinaren Olamfik na Atlanta, aka yi masa tiyata a Amurka, ya dawo har ya je Arsenal a 1999 ya sake zama gwarzon ɗan wasan Afirka a wannan shekarar. Gaskiya ne, kuma abin burgewa ne. Amma yana ɗan shekara 20 a lokacin, ga likitocin babbar ƙungiya a kansa, kuma dawowa wasa ita ce aikinsa safe da yamma. Ba da wannan ma'aunin za ka auna kanka ba.

In misali kake so, ga na mutanen da suka fi kama da kai. Roger Bannister ɗalibin likita ne a Ingila, ba a biyansa ko sisi don gudu. A Olamfik na Helsinki a 1952 ya zo na huɗu a tseren mita 1,500, ana sa ran zai ci lamba. An ƙara zagayen kusa da na ƙarshe a gasar, ya zama dole ya yi tsere uku a kwana uku a jere, ɗan atisayen da ya saba yi kuwa bai shirya shi don haka ba. Ya yi tunanin barin gudu gaba ɗaya. Abin da ya yi a ƙarshe shi ne ya canza shiri: ya ƙara tsananin atisaye, yana maimaita gudun zagaye ɗaya-ɗaya na fili a lokacin hutunsa na rana, ya daina dogaro da kansa shi kaɗai ya haɗa kai da wasu 'yan tsere biyu, Chris Brasher da Chris Chataway, su ja masa gudu. Ranar 6 ga Mayu 1954 a Oxford ya gudu mil ɗaya, wato mita 1,609, cikin minti 3 da daƙiƙa 59.4, mutum na farko da ya sauko ƙasa da minti huɗu. A ƙarshen wannan shekarar ya ajiye gudu ya kama aikin likita. Dubi inda kayen ya yi aiki a kansa: a cikin shiri, ba a cikin ƙafa ranar tsere ba.

Na biyun ya fi ba ni sha'awa, don shi bai ma koma neman abin da yake nema da ba. Paul Sinton-Hewitt mai gudu ne na sha'awa a Landan, ya ji ciwo ya kasa gudu, ya ga abin da ya fi kewa ba tseren ba ne, mutanen ne. A Oktoba 2004 ya tara mutum 13 a wani lambu da ake kira Bushy Park suka yi kilomita 5, shi yana riƙe da agogo. Daga nan parkrun, wato gudun kilomita 5 na jama'a, ta samo asali, wadda yau ake yi duk ranar Asabar a ƙasashe fiye da 20. Ciwo ne ya nuna masa abin da yake zuwa nema tun farko. Wannan yana faruwa da yawa. Sai mutum ya rasa wasa na wani lokaci yake gane ko cin nasara yake so, ko gumi, ko surutun bayan an tashi. Ka tambayi kanka me ka fi kewa a wata goman nan. In amsar ita ce abokai da iskar fili, to me zai sa ka sayar da gwiwa don ƙwallo ɗaya? In kuma amsar ita ce daɗin ƙwace ƙwallo daga ƙafar ɗan gaba, to ba za ka ji daɗin wasa ba sai ka dawo da wannan, kuma ya cancanci wahalar atisayen da na faɗa.

Shekaru ma suna nasu aikin ko da ba ka taɓa jin ciwo ba. Bayan 30 saurin tashi da gudu yana fara ja baya, tsamin jiki da kan wuce a kwana ɗaya yana kai biyu ko uku. Akwai kuma wani tarko da ke kama masu dawowa: numfashi da tsoka suna farfaɗowa cikin makonni, amma jijiyoyi da agara da ƙashi suna ɗaukar watanni. Sai mutum ya ji ba ya haki kamar da, ya ɗauka ya dawo, ya buga wasa uku a mako, agara ko bayan cinya ta ba shi amsa. Jiki magayi ne, amma ba duka sassansa ke magana a lokaci guda ba. Ɗan bayan da ya manyanta yana rama abin da ya rasa na gudu da karanta wasa. Yana kallon ƙugun ɗan gaba maimakon ƙwallo, yana tsayawa inda fasin zai bi, yana tura mutum gefen layi, yana magana da na kusa da shi. Paolo Maldini ya buga wa AC Milan har yana da shekara 40, kuma ba da gudun ɗan 20 ya yi hakan ba. In abokanka sun ga ka rage zamewa amma ɗan gaba ya kasa wuce ka, tsokanar za ta mutu da kanta.

Wani abu kuma da kusan kowa sai ya ji ciwo yake yarda da shi: ɗumama jiki. Na sha ganin mutum ya sauko daga abin hawa, ya ɗaura takalmi, ya buga ƙwallo biyu a raga, ya ce a fara. FIFA tana da wani tsarin ɗumama jiki da ake kira 11+, wanda aka fitar a 2006, minti 20 ne kacal: gudu a hankali, ƙarfafa ciki da cinya, tsayuwa da ƙafa ɗaya, koyon dira da juyi gwiwa na kan layin yatsu. Gwajin da aka yi a Norway a kan 'yan mata masu ƙwallo ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Akwai kuma atisayen bayan cinya da ake kira Nordic, inda za ka durƙusa wani ya danne maka dugadugai kana sunkuyawa gaba a hankali kana riƙe kanka. Bincike da yawa sun nuna yana rage tsagewar wannan tsoka da kusan rabi. Ba ya buƙatar komai sai aboki da wuri mai laushi. Yana da zafi, kuma mutane ba sa son sa, ni ma ba na son sa.

Sai dai in ja maka kunne a kan kishiyar matsalarka, don ita ma gogewa ce ke haifar da ita. Akwai wanda ya taɓa buga wasa da targaɗe ya tsira, sai ya ɗauka ƙa'ida ce. Akwai wanda ya taɓa gwara kai ya ga jiri, ya ci gaba da wasa ba abin da ya faru, yanzu shi ne ke ce wa yara su tashi su ci gaba. Wannan sa'a ya yi, ya ɗauke ta ilimi. Wanda ya bugu a kai har ya ruɗe ko ya ga jiri, fita zai yi, kuma ba ya komawa wasa a ranar. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko numfashinsa ya ɗauke ba gaira ba dalili, ko ya suma a cikin gudu, likita zai gani kafin ya sake taka fili. A irin waɗannan ba a bin abin da ya faru da wane.

Game da abokanka, gaya musu gaskiya sau ɗaya: gwiwa ta warke, kana sake koyon yarda da ita, kuma akwai ƙwallon da ka daina bi da gangan. Yawancinsu za su gane, musamman waɗanda su ma sun fara ɗaure gwiwa kafin wasa. Wasan da ke tafe kuma ka ba wani wayarka ya ɗauke ka minti goma sha biyar, ƙafafu kawai. In ka zauna kallo, duk inda ba ka shiga ba ka tsayar da hoton ka duba: tun daga nesa ka zaɓi tsayawa ka tare hanya, ko ka taho ne sannan ƙafar ta noƙe? Ka ƙirga kowanne daban. Na farkon ka bar su yadda suke. Adadin na biyun shi za ka kai wa mai gashin ƙashinka, tare da sakamakon tsallen ƙafa ɗaya, ku tsara makonni shida masu zuwa a kansa.